Kaboyi sun hana ƙauye sakat

Daren jiya a fada muna jiran shayi na biyu, abokina ya kunna mana wani tsohon fim a telefon ɗinshi, Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, tun 1966 fa! Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya rarraba ma abokanai, suka hau dawakai suka addabi ƙauye, wallahi mun sha dariya har Tanti ta leƙo tana tambaya lahiya dai? Abin da ya ban haushi, Moustapha Alassane ɗin nan da ya yi fim ɗin ya daɗe zaune nan Tawa, ya rasu 2015, amma ƙannena fim ɗin Indiya kaɗai suka sani. Ni ma ɗin sai jiya na gani.