Shekara ɗaya da falonmu ya zama aji

Yau shekara ɗaya ke nan da na cire ɗana mai lalurar galahanga (wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane) daga makaranta, saboda hayaniyar aji kan sa ya toshe kunnuwa yana kuka, malamai kuma suna ɗaukar hakan a matsayin taurin kai.

Darasinmu ba ya wuce minti 15 a zama ɗaya, kuma na manna hotuna a bango domin ya san abin da zai biyo bayan wanka da karin kumallo. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne maganin risperidone da likita ya rubuta masa saboda yawan buga kai da bango. Maganin ba ya warkar da galahanga, fusata kawai yake ragewa, kuma yana sa shi barci da yawan ci, shi ya sa likita ya mayar da shansa dare, ni kuma nake auna nauyinsa duk wata.

Ranar Laraba muke zuwa wurin mai koya masa magana. Makon jiya ya ja zanena ya ce "ruwa", bai ma nuna randa ba.