Gawo, kalgo da zogale: abin da nake zubawa a buhuna

Daga watan Janairu zuwa Afrilu injina ba ya hutawa. Lokacin ne ciyawa ta bushe ƙamas daga Basawa har Giwa, harawa ta yi tsada, mai rago biyu a bayan gida ya fara lissafi. Sana'ata haɗa abincin tumaki, awaki da shanu a nan Samaru ta Zariya, kuma abin da ya raba buhuna da na masu dusa zalla shi ne itatuwa: 'ya'yan gawo, na kalgo da ɗunɗu, busasshen ganyen zogale, da garin ɗorawa idan lokacinsa ya zo.

A hannun kakana na fara sanin darajarsu. Gawo uku ne a gonarsa, kuma ko reshe ɗaya bai yarda a sa wa gatari ba. Yakan ce min, "Kai yaro, dubi wannan itace. Da damina yana tsaye tsirara, ya bar wa gero rana. Da rani kuwa, sa'ad da kowa ya zubar, shi yake yin kore." Da sassafe mukan tafi da doguwar gora muna kaɗo 'ya'yan, jajaye, a nannaɗe. Awaki na jin ƙarar zubarsu sai su sheƙo a guje, har sai an sa yaro ɗaya ya tare su kafin a cika kwando.

Sai da na girma, na fara zama da masana na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, na gane dalilin abin da tsohon yake yi. Busasshiyar ciyawar rani sinadarin furotin ɗinta yakan faɗi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, alhali ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin dabba suna buƙatar kamar kashi 7 kafin su iya narka abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga saniya ta cika ciki da kara amma haƙarƙarinta a waje. 'Ya'yan gawo sun haura kashi 10, busasshen zogale kuwa yana kaiwa wajen kashi 25. Ɗan kaɗan daga cikinsu sai ya sa karan nan da ba ya amfani ya fara zama nama.

Amma ba a zubawa da ka. Ƙwayar gawo tauri gare ta. In ba a niƙa ba, haka take fitowa a kashi, kuma a cikinta mafi yawan amfanin yake. Bagaruwa, wadda majema suke jeme fata da ita, baurinta ya yi yawa. In ka cika ta, dabba ta rage ci, abin da ta ci ma bai kama jikinta ba. Ni ɗan barbaɗi nake sa wa, wani lokaci ma ba na sa ko kaɗan. Zogale a inuwa nake shanya shi, a kan tabarma, ana juyawa, har ya bushe yana nan kore shar. Wanda rana ta ƙona ya koma ruwan ƙasa ba ya shiga injina. Kowane buhun gawo da aka kawo sai na tura hannu har ƙasa, na ɗebo, na karya ɗaya. In ya ce ƙas, ya kuma yi ƙanshin nan mai ɗan zaƙi, to ya yi. In ya lanƙwashe, akwai laima, fumfuna na nan tafe.

Bara wani ya kawo min buhu goma sha biyu, sama kyakkyawa, ƙasa yashi da ruɓaɓɓun kwasfa. A gabansa na zazzage su. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne masu kwaikwayo. Su niƙa ɓuntun shinkafa, su watsa ɗan ganye don ya yi launi, su karya kuɗi. Sai mutum ya zo ya ce, "Haba Malam, ai ganye ne, a daji ma kyauta ake samu." Nakan ce, "Alhaji, ɗebi nawa ka shinshina, ka je ka shinshina nasu." Wata Hajiya daga Tudun Wada ta gudu wajensu saboda sauƙi, bayan wata guda ta dawo, ragonta ɗan Yankasa ya zube, gashi duk ya tashi. Da gawo, dusar masara, zogale da ɗan gishiri muka tayar da shi kafin layya.

Itatuwan kansu suna ƙarewa. Maɗobiya da maɗaci, waɗanda Fulani ke sassabe wa shanu da bazara, yanzu sai ka yi nisa kafin ka gan su, masu katako da masu gawayi sun bi ta kansu. Don haka na kewaye filina na bayan Bomo da zogale, na kuma dasa gawo takwas a ciki. Biyar sun kama, na yi musu shinge da ƙaya saboda awakin maƙwabta.