Daga Makka zuwa gaɓar Jidda, wurin tsuntsun Nawras

Daga tashar Rusaifa a Makka na shiga jirgin ƙasa na Haramaini, cikin kamar rabin awa na sauka a tashar Sulaimaniyya ta Jidda. Mai niyyar wannan tafiya ya yanki tikiti tun da wuri ta waya, domin a lokacin Umara kujeru kan ƙare. Ya kuma daidaita isarsa da bayan la'asar. Kafin nan zafi da laimar teku ba sa barin mutum ya tsaya a fili.

Na zo ne don ganin Nawras, wani babban sassaƙe da ke gaɓar teku. Direban da ya ɗauke ni Bahaushe ne haifaffen unguwar Karantina ta Jidda. "Alhaji, Hamra za mu fara ko Nawras?" Na ce unguwar Hamra, don tsakaninsu tafiyar mota ce, kuma da magariba titin gaɓar kan cushe, musamman daren Juma'a.

A Hamra ne aka tara sassaƙe-sassaƙe kusan 20 a fili guda, har da aikin masu fasaha na Turai, Henry Moore da Joan Miró. Asalinsu daga zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi ne, wanda a shekarun 1970 da 1980 ya cika shataletalen Jidda da ayyukan ado. Ban daɗe a nan ba, abin da ya kawo ni yana arewa.

Nawras, tsuntsun teku ke nan, aikin Mustafa Senbel ne ɗan Masar, tsayinsa ya haura mita 50. Kada mai karatu ya zaci gunki ne mai ido da baki. Fiffike ne kawai aka miƙar sama da kankare, sai ka ja baya sosai kafin siffar ta fito maka. Wanda ya tsaya a gindinsa bango kawai zai gani. Kuma kada a yi gangancin ratsa titin da ƙafa don ɗaukar hoto, motoci ba sa sassautawa. A sauka ta gefen teku, inda aka gyara wurin yawo a 2017, daga can ake ganinsa gaba ɗaya.

A ganina garin ya cancanci wannan alama. Tun shekara ta 26 bayan hijira Halifa Usman ya mai da Jidda tashar jiragen ruwan Makka. Kakanninmu da suka keta Chadi da Sudan a ƙasa, ta Sawakin suka ƙetare Bahar Maliya, nan suka fara taka ƙasar Hijaz. Gidajen tsohon gari, Balad, da dutsen murjani na teku aka gina su, katakon tagoginsu kuma jirage suka kawo. Hatta ruwan sha daga teku aka riƙa tacewa da injin Kindasa, wanda mai zanen gine-gine Julio Lafuente ya tattara tsofaffin ƙarafansa ya yi abin tunawa da su.

Sai dai tekun da ake girmamawa shi ke cin waɗannan ayyuka. Iska na ɗauke da gishiri, gishirin ya ratsa kankare ya kai ga rodin ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, sai kankaren ya tsage ya fara ɓarewa. Tagulla kuwa kore-kore take yi, rairayi yana goge mata fuska. Fenti a kai ba ya magani, sai an fasa wurin an kankare tsatsar, an shafa maganin kariya, sannan a sake yaɓe. Irin wannan lalacewa ce ta sa aka kwashe na Hamra aka gyara su kafin a jera su wuri guda.

Bayan isha muka koma kudu don ganin maɓuɓɓugar Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwan teku sama da mita 250 tun 1985. Mai komawa Makka a daren ya duba lokacin jirgin ƙarshe kafin ya zauna kallo, ya kuma ware awa guda saboda cunkoso.