Gwandar da na dasa a bakin fadama

Lambun da muka gada a wajen Zariya yana gangaren fadama ne, ƙasarsa baƙar laka mai danƙo. Rake da shinkafa ne ke jin daɗin wurin. Ni kuwa gwanda na sa a raina, don ba ta cika shekara take fara 'ya'ya, kuma ba ta rasa mai saye.

Karon farko na yi mata irin ramin mangwaro. Na haƙa har gwiwa, na cika da takin shanu, na dasa tushe 40 a watan Yuni. Suka yi kore shar. Da marka ta kankama a Agusta aka kwana uku ana tafka ruwa, sai na tarar ganyen ƙasa sun yi rawaya sun langaɓe kamar masu jin ƙishirwa, alhali ƙasa jagab take. Kafin mako biyu fiye da rabi sun kwanta. Na tumɓuke ɗaya na duba: saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, gindin kuma in ka danna sai yatsa ya shige. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Wani malamin gona ne ya zo ya ga ramukan. "Malam," in ji shi, "ai randa ka gina musu." Rami a cikin laka ba ya tsiyaye ruwa, tara shi yake yi. Saiwar gwanda kuwa iska take buƙata, kwana ɗaya zuwa biyu cikin ruwa ya isa ya shaƙe ta. Sannan akwai ƙwayar cutar da masana ke kira Fitoftora, wadda ke zaune a ƙasa, 'ya'yanta su yi iyo cikin ruwan da ya kwanta har su kai ga saiwar da ta raunana. Shi ya sa ganye ke yaushi: saiwar da za ta jawo ruwan ta ruɓe.

Da na sake gwadawa, sama na yi da ita maimakon ƙasa. Na tara tudu mai tsayin kusan rabin mita ga kowane tushe, tazarar mita biyu da rabi, na gauraya ƙasar jigawa da ruɓaɓɓen taki da buntun shinkafa. Tsakanin layuka na ja lambatu mai gangara zuwa rafi. Wannan lambatun ya fi komai cin ƙarfi, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Ban koma tsofaffin gurabun ba, domin cutar tana daɗewa a inda ruɓaɓɓiyar saiwa take. A tsakiyar kowane tudu na zuba ƙasar da ba a taɓa shuka gwanda a kanta ba, dabarar da manoman Hawai a Amurka suka daɗe suna yi, saboda a watanni ukun farko ne dashe ya fi saurin kamuwa.

Lokacin dashe ma na sauya shi zuwa ƙarshen Oktoba. Na yi ta ban ruwa daga rijiya duk rani, a gefen tudu ba a jikin gindi ba, don marka ta same su da ƙwari. Ban binne su fiye da yadda suke a leda ba, ciyawar da na rufe ƙasa da ita kuma na bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da gindi. Maganin feshi na saya, amma ban ga ya ta da bishiyar da ta riga ta langaɓe ba. Wadda ta kamu tumɓuke ta nake yi in ƙone nesa da lambu.

Damanar da ta wuce biyu na rasa cikin 36, dukansu a kusurwar da yashi ya toshe lambatu ban lura ba. Bana tun watan Mayu zan yashe shi, in sha Allahu, kuma duk safiyar da aka kwana ana ruwa can zan fara dubawa.