Jan da ke jikin aswakin Baba

Talata. Ranar asibitin Baba, Yaya kuma yana Funtua, don haka ni na raka shi. Napep daga Ƙofar Ƙaura, hazo ya rufe gari, sanyi har cikin ƙashi.

Jinin ya sauka Alhamdulillah, ya fi na watan jiya kyau, har na fara murna. Mun miƙe kenan likitan ya ce, "Baba ɗan buɗe bakinka in gani." Ya haska ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya ko dasashin na jini in yana aswaki. Baba ya yi dariya, "Ɗana, zuciya fa na kawo maka, ina ruwanta da baki?"

Wallahi bai yi gaggawar sallamarmu ba duk da layin da ke waje. Ya ce dattin nan da ke daskarewa a gindin haƙori ƙwayoyin cuta ne, su ke kumbura dasashi, in abin ya daɗe har ƙashin da ke riƙe haƙorin suke ci, shi ya sa na ƙasan nan biyu suke girgiɗi. Kuma dasashi mai jini ƙofa ce a buɗe, ko tauna mutum yake suna iya shiga cikin jini, ga kumburin da ba ya ƙarewa ana zargin yana ƙara wa toshewar jijiyoyin jini ƙarfi, wanda kuma ƙofofin cikin zuciyarsa suka riga suka samu matsala ƙwayoyin na iya zuwa su zauna a kansu. Amma ya faɗi gaskiya, ya ce ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka tun 2012 ta ce alaƙar tana nan, sai dai ba a tabbatar ɗaya ke haifar da ɗaya ba, don taba da ciwon suga da shekaru duk suna jawo biyun. Baba ya sha taba a ƙuruciya. Shiru ya yi.

Abin da ke cina tun ɗazu, na fi wata shida ina ganin jan nan a bakin rariya wurin da yake alwala. Kullum in ce goro ne. Ni ke ƙirga masa ƙwayoyin magani, ni ke faɗa da Umma a kan gishiri da magi, amma ko sau ɗaya ban tambaye shi bakinsa ba.

Tuwo miyar kuka. Ba wuta.

Bayan la'asar na aiki Auta ya sayo burushi mai laushi da makilin. Baba ya ce shi dai ba zai bar sunna ba, na ce ba wanda ya ce ka bari Baba, a haɗa, safe da dare minti biyu biyu. Alhamis likitan haƙori, za a wanke masa in Allah ya kai mu.

Ɗazu da na goge nawa na haska tocila a abin da na tofar. Akwai ɗan ja, ni kuma ba na cin goro.