Laraba: makeron auta da farcen Hajiya

Da safe ina taje wa auta kai sai na ga wurin nan na bayan kunnensa ya ƙara faɗi, gashin ya kakkarye, da farin gari a kai kamar an barbaɗa toka. Makero ne. Maƙwabciyata ta ce in sayo man nan mai haɗi uku na kemis, wai kwana biyu ya baje. Na ce mata to, na ɗauki mayafina muka tafi asibiti, har da Hajiya, da ta daɗe tana kukan ƙaiƙayi a yatsun ƙafa.

Likitar na dubawa ta ce, "Maman yara, shafawa kaɗai ba ta kashe makeron kai, don cutar tana cikin gashin ne." Ta rubuta griseofulvin na sha, sati 6 zuwa 8, a ba shi bayan ya ci abu mai maiƙo, don ta haka jiki ya fi karɓarsa. Ta haɗa da shamfu na ketoconazole sau 2 a sati, saboda kada ya shafa wa yayyensa. Da na ambaci mai haɗi ukun sai ta girgiza kai. Akwai sitiroid a ciki, in ji ta, shi ke kwantar da ƙaiƙayin nan take, cutar kuwa tana ta yaɗuwa a ƙarƙashi.

Na Hajiya cin ruwa ne. Man shafawa na clotrimazole, safe da dare har sati 4, ko da wurin ya yi kamar ya warke, kuma ta riƙa tsane tsakanin yatsu bayan alwala. Babban farcenta da ya yi kauri ya koma rawaya, wannan mai ba ya ratsa shi. Sai ƙwayar terbinafine wajen wata 3, bayan an duba hanta, sabon farcen kuma ya kan kai shekara kafin ya gama fitowa.

"Shekara guda a kan farce, 'yar nan?" in ji Hajiya. "Ba ni man dai."

Da yamma na wanke hulunan auta da rigar filonsa da ruwan zafi, na ware masa matajinsa. Babansu ya ce injin aski ya yi tsada yanzu, na ce ba zai koma wurin mai askin layin nan ba sai da namu. Mun tsaya a kan ranar Asabar zai duba a Sabon Gari.