Tambayar da ban san amsarta ba

Shekara 11 ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar Islamiyya da ke Aboabo a Kumasi, irin makarantun nan da suka shiga ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, ana haɗa karatun addini da na boko. A mafi yawan waɗannan shekaru na ɗauka hira nake yi da ɗalibaina, ashe tuhumarsu nake yi. Me ya sa ka makara, ina aikin da na ba ka, wa ya ce ka fita? Yaron Zango kuwa, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi irin su Aboabo, an tarbiyyantar da shi kada ya haɗa ido da babba, saboda haka sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Malam," magana ta mutu a nan.

Wani ɗan aji uku na JHS, wato ƙaramar sakandare, shi ne ya sauya mini hanya. Saura 'yan watanni a zauna jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ya fara fashin makaranta, na kuma samu labarin yana bin yayansa aikin pragya, keken nan mai ƙafa uku da ya cika titunan Aboabo da Asawase. Wata rana bayan la'asar na tarar da shi a ƙofar masallaci yana wanke keken, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Yana ganina ya ajiye soson, ya shirya shan faɗa. Na zauna a kan benci, na tambaye shi abin da ni kaina ban sani ba: "Idan kun yini kuna aiki, yaya kuke raba kuɗin?"

Ya yi shiru na ɗan lokaci, ni ma na danne zuciyata ban ƙara ko kalma ɗaya ba, wanda shi ne abu mafi wuya ga malamin da ya saba cike kowane shiru da nasiha. Can sai ya fara bayani. Ya cire kuɗin mai, ya ware na mai keke, ya ajiye na gyara, duk lissafin da ka, cikin saurin da ban taɓa gani a takardarsa ba. Da na tambaye shi wa yake kai wa nasa rabon, sai muryarsa ta yi ƙasa. Mahaifiyarsa yake ba wa, tana sayar da koko da ƙosai, mahaifinsu kuma yana kwance.

A nan na fahimci abin da ke cinsa. Ya san tun shekarar 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar makarantar sakandare, amma ya ga jerin kayan da ake nema ga ɗan makarantar kwana, katifa da akwati da bokiti da sauransu, ya yanke wa kansa hukuncin cewa gidansu ba zai iya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma da na ci gaba da tambayar dalilin fashinsa, da har yau ban ji wannan ba.

Tun daga lokacin ba na yi wa yaro tambayar da ta shafi gidansu a gaban aji, domin kunya ce za ta amsa mini. Na kuma daina tambayar 'yan mata me suke so su zama, saboda kusan kowacce ma'aikaciyar jinya take cewa. Yanzu nakan tambayi yarinya wane aiki ne take yi har ta manta da yunwa, kuma ta haka na gano wadda ke riƙe wa kakarta lissafin adashe.

Shi kuwa yaron, na je gidansu da daddare, muka zauna da mahaifiyarsa da yayansa, muka amince ya riƙa bin keken Asabar da Lahadi kawai. Ranar Litinin ya riga ni isa aji.